Kula da Wanda Ya Gama Jinyar Ciwon Daji: Misali Daga Sabon Birni da Isa

Ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa, cuta ce da ke samuwa idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka riƙa hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, har su zama ƙari, su kuma yaɗu zuwa wasu sassa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kimanin mutum 128,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya. Manyan hanyoyin maganinta a asibiti uku ne: tiyata, da allurai masu ƙarfi da ake kira kemo, da kuma gashi da na'ura. Sai dai ranar da aka sallami majinyaci ba ita ce ranar da hidima ke ƙarewa ba. Cutar tana iya dawowa, maganin kansa kuma yakan bar tabo a jiki na shekaru.

Saboda haka ne a shekarar 2005 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa ba duk wanda ya gama jinya rubutaccen tsarin kulawa. Takarda ce da ke ɗauke da sunan cutar da matakin da ta kai, da irin maganin da aka yi, da ranakun komawa asibiti, da alamomin da ke nuna haɗari. A al'adar likitoci, akan nemi majinyaci ya dawo duk bayan wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, sannan sau ɗaya a shekara bayan an haura shekara 5.

A nan ne mutumin ƙasar Gobir ke gamuwa da cikas. Sabon Birni da Isa suna da manyan asibitoci na jiha, amma ƙwararrun ciwon daji da na'urar gashi suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tafiya ce mai nisa, ta bi ta Goronyo ko ta Gundumi, kuma 'yan bindiga sun addabi hanyoyin. A watan Disamba na 2021 an ƙone wata motar fasinja da mutane a ciki a yankin Sabon Birni, kuma a wannan shekarar an katse layukan waya a ƙananan hukumomin biyu na tsawon watanni. Tun daga 2019 dubban mutanen yankin suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. Matar da aka cire wa mama a Sakkwato, aka ce ta dawo bayan wata 3, tana iya wayar gari a Gidan Rumji, fayil ɗinta kuwa yana can a asibitin da ta baro. Don haka tsarin da ya dace da wannan yanki shi ne wanda majinyaci ke riƙe da shi a hannunsa, an fassara masa da Hausa, da boko ko da ajami, yadda duk ma'aikacin lafiyar da ya tarar zai san inda aka tsaya.

Kyakkyawan tsari yakan raba aiki. Awon jini, da duba tabon tiyata, da maganin ciwo, ana iya yin su kusa da gida. Hoto da ganin ƙwararre ne ke buƙatar Sakkwato, kuma ya fi sauƙi a haɗa su a zuwa ɗaya. Akwai alamomin da ba a jiran ranar komawa idan sun bayyana: sabon kumburi, zubar jini ba dalili, tari mai naci, ciwon ƙashi da ke hana barci, da rama.

Sankarar mama ta fi kowace yawa a tsakanin matan Nijeriya, kuma jinyarta doguwa ce. Wasu akan ɗora su a kan ƙwayar tamoxifen na shekara 5 zuwa 10, ana sha kullum, ba a kuma ɗaukar ciki a kanta. Idan an cire kaluluwar hammata, hannu yakan kumbura ya yi nauyi, sai daka da jan guga da surfe su gagara. Ga matar karkara wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da waɗannan ayyuka ake auna ta a gidan miji. Wadda aka gasa wa mahaifa kuwa haila takan ɗauke mata da wuri, haihuwa ta tsaya. Kunya takan hana a faɗa wa likita irin waɗannan matsaloli, musamman idan namiji ne, don haka ya kamata a zaunar da miji da uwa ko uwar miji tun ranar sallama a yi musu bayani.

Wani abin lura shi ne camfin da ke cewa daji ba ya son ƙarfe. Da shi ake hana mutum allura, a mayar da shi wurin boka ko wanzami. Addu'a da rarrashin dangi suna ƙarfafa zuciya, amma tsaga da shafa magani mai cin fata a kan wurin da aka gasa suna jawo gyambo.

Kuɗi kuwa sukan ƙare kafin a gama magani, bayan an sayar da dabbobi ko an jinginar da gona. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa ƙarfi, jihar Sakkwato kuma tana da Hukumar Zakka da Waƙafi mai taimaka wa majinyata. Ya kamata a rubuta kuɗin mota da masauki cikin tsarin, a kuma san ɗan uwan da zai riƙa rakiya.

Malamin makaranta yana da nasa rabon. Akwai wani nau'in daji da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda yakan ji magani idan an kama shi da wuri. Yaron da ya dawo aji bayan watanni, gashin kansa ya zube, yana saurin gajiya, yana buƙatar a sassauta masa aikin ƙarfi, a cike masa darussan da suka wuce shi. Wajibi ne kuma malami ya bayyana wa sauran ɗalibai cewa ba a ɗaukar ciwon daji ta hanyar zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya.