RESHEN DA AKA SARE: A NIƘE SHI KO A SAYAR DA ITACE?

A ƙasar Ingila akwai wata sana'a ta gyaran bishiyoyi. Sunan da Turawa suke kiran mai wannan sana'a yana nufin likitan bishiya. Shi ne yake hawa bishiya da igiya da zarto mai inji. Yana rage rassan da suka yi nauyi, ko ya kayar da bishiyar da ta tsufa kafin ta faɗa kan gida.

Idan ya gama aiki, rassa da gumaguman itace sukan taru tuli. Dole ne ya kwashe su. To, ina zai kai su? Hanyoyi biyu ne a gabansa.

HANYA TA FARKO: NIƘAWA

Akwai wani inji da ake ja a bayan mota. Ana tura masa reshe ta baki, ya daddatsa shi, ya feso ɓarɓashi ta sama. Nan take tuli ya ragu. Abin da mota za ta yi sawu da yawa kafin ta kwashe, sai ta ɗauke shi a sawu ɗaya.

Ɓarɓashin yana da amfani. Ana shimfiɗa shi a gindin shuka a lambu. Yana riƙe laima, yana hana ciyawa fitowa, idan ya ruɓe kuma ya zama taki. Wasu kan saya don hura manyan tukwanen dumama gidaje.

Amma injin yana da tsada, ga shan mai. Ɓarɓashin kuma ba ya kuɗi sosai. Sau da yawa kyauta ma ake bayar da shi don a rabu da kaya.

HANYA TA BIYU: ITACEN WUTA

Itacen wuta ya fi kuɗi, domin ƙasar tana da sanyi. Sai dai akwai wahala. Za a yanka gungume, a faskara, a sami filin ajiya, a jira ya bushe. Ɗanyen itace, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Bushewarsa a can takan ɗauki shekara 1 zuwa 2.

Doka ma ta shigo ciki. Tun daga watan Mayu na 2021, gwamnati ta hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙaramin ma'auni a Ingila. Sai ruwan da ke jikinsa ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. Dalili kuwa, ɗanyen itace hayaƙi yake yi, ba zafi ba. Hayaƙin nan yana cutar da huhu.

WACCE TA FI?

Yawancin masu sana'ar ba sa zaɓen hanya ɗaya. Rabawa suke yi. Ƙananan rassa da ganye a niƙe su, domin faskara su ɓata lokaci ne. Dama ƙaramin inji ba ya cin reshen da kaurinsa ya wuce inci 6. Gungume mai kauri kuma mai tauri a ajiye shi don wuta. Wanda ba shi da filin ajiya sai ya sayar wa 'yan faskare.

MANOMI FA?

Manomi ba shi da wannan inji, amma tambayar ta shafe shi. A jihar Maraɗi ta Nijar, a 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya soma koya wa manoma sassaben zamani. Maimakon a ƙone kututturen kalgo ko sabara, sai a bar masa tsiro kaɗan masu ƙarfi, a rage sauran. Ta wannan hanya bishiyoyi suka dawo a fili mai faɗin hekta kamar miliyan 5 a Nijar.

Duk shekara ana rage rassa, kuma rabon iri ɗaya ne. Reshe mai kauri a kai gida don girki, ko a kai kasuwa. Ganye da ƙirare a bar su a gona. Suna tare ƙasar da iska ke kwashewa. Gara za ta ci su, ta huda faƙo, ruwan sama ya sami hanyar shiga. Gara ce injin niƙan manomi, kuma ba ta shan mai.

Sai dai a kula da abu biyu. Kada a binne ɗanyen ɓarɓashi cikin ƙasa, domin kafin ya ruɓe yakan janye abincin shuka. A bar shi a sama. Kada kuma kuɗin itace ya ruɗi mutum ya sare bishiyar gaba ɗaya. Wanda ya rage reshe bana, zai sami wani baɗi. Wanda ya tumɓuke gindi, sau ɗaya zai ci kasuwa.