Kafin Ka Sayi Sola Don Ɗakin Gona, Fara Yin Wannan Lissafin

Lokacin da na koma aikin haɗa manhaja a ɗakinmu na gona, inda ko turken wutar lantarki babu, na shiga kasuwa na sayi farantin sola mai wat 100 da batir ɗaya, saboda mai shago ya ce "zai ɗauki komai". Kafin ƙarfe 12 na dare fanka ta tsaya, laftof ya mutu ana tsakiyar aiki. Batirin bai shekara ba ya daina riƙe caji. Kuskurena ɗaya ne: ban lissafa wutar da nake sha ba.

Lissafin ba wuya. Duba jikin kowace na'ura ko cajarta, za ka ga wat ɗinta. Ninka shi da awannin da take aiki a rana, sakamakon shi ake rubutawa Wh. Ga nawa:

Ƙwan LED 3 masu wat 7, awa 5: 105
Fanka mai wat 20, awa 8: 160
Laftof mai wat 50, awa 5: 250
Na'urar intanet mai wat 5, awa 10: 50
Cajin waya 2: kusan 30

Jimilla kusan Wh 600 a rana. Ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda wutar da ke salwanta a wayoyi, inbata da zafin faranti. Mu ce 800.

Yanzu faranti. A arewacin Najeriya ana samun kimanin awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi, amma lokacin hazo da gajimaren Agusta abin na raguwa. Yi lissafi da awa 4. Raba 800 gida 4, ka samu wat 200. Nan na gane farantina na wat 100 rabin buƙatata yake bayarwa, shi ya sa batir bai taɓa cika ba.

Sai batir. Mai 12V 100Ah yana ɗauke da Wh 1,200, amma idan na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ya kamata ka sha, wato 600. Zuƙe shi ƙurmus kullum shi ke kashe shi da wuri. Idan kana son ajiya don ranar hadari, nemi 200Ah. Na litiyom, irin LiFePO4, ya fi tsada, amma za ka iya shan kashi 80 ko fiye, kuma ya fi daɗewa.

Inbata kuwa, haɗa wat ɗin abubuwan da za ka kunna lokaci guda. Nawa ba su kai 150 ba, don haka mai wat 300 ta wadatar. Kada ka haɗa faranti da batir kai tsaye, sa na'urar daidaita caji a tsakani. MPPT ta fi PWM tatso wuta, sai dai ta fi kuɗi.

Ka kiyayi duk abin da ke yin zafi. Dutsen guga mai wat 1,000 zai sha Wh 500 cikin rabin awa, kusan wutar yininka gaba ɗaya.

Ka fuskantar da farantin kudu, ka ɗan karkata shi, ka riƙa goge ƙura lokacin hunturu. Kafin ka taka kasuwa, buɗe kalkuletar wayarka ka yi naka lissafin, ka je wa mai shago da lambobinka a hannu.