Ruwan Da Ba Ya Kumfa

Jama'ar ƙasar Gwarzo da Kabo, akwai kukan da mata sukan kawo mana disfensa. Sukan ce ruwan rijiyarsu yana cin sabulu, ba ya kumfa, kuma yana barin wani farin abu kamar alli a gindin buta. Shin yana sa ciwo? Mene ne maganinsa?

To, ga dalilin. Ruwan sama in ya nutse cikin ƙasa yakan narkar da wasu sinadarai daga duwatsu, watau kalsiyam da magnesiyam. Kalsiyam shi ne abin da ke cikin ɓawon ƙwai. Su ne suke kama sabulu su hana shi aiki. In kuna so ku gwada, ku sami kwalba biyu, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da na rijiya. Ku sa ɗan sabulu daidai wa daida, ku girgiza. Wadda kumfarta ta kasa, ruwanta ne mai sinadaran.

Ku kwantar da hankalinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta lissafa wannan ruwa cikin masu cutar da mai sha ba. Hasararsa ta aljihu ce: sabulu yana ƙarewa da wuri, tufafi suna dusashewa. Ga hanyoyi huɗu na gyara shi.

Ta ɗaya, tafasawa. Tana fitar da wani kashi na sinadaran, su kwanta a gindin tukunya. Amma ba duka take fitarwa ba.

Ta biyu, toka. A jiƙa tokar itace ta kwana, a tsiyaye ruwan, a zuba kaɗan cikin ruwan wanki. Sabulu zai yi kumfa. Wannan na wanki ne kaɗai, kada a sha.

Ta uku, tara ruwan sama daga rufin kwano da damina. A bar ruwan farko ya wanke rufin tukuna, kāna a tara cikin randa mai murfi.

Ta huɗu, na'urar da akan sayar a birni, mai aiki da gishiri. Tana aiki sarai, amma sai gida mai famfo da tanki. Kullum tana bukatar gishiri, kuma tana ƙara sinadarin gishiri cikin ruwan, abin da bai dace da mai hawan jini ba. Mai jan ruwa da guga ba shi da bukatarta.

Yanzu ga babbar magana. Gyaran ruwa don ya yi kumfa daban, tsabtace shi don sha daban. Toka da na'urar gishiri ba sa kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yakan yi garau, ya yi kumfa, alhali kuwa yana ɗauke da kwalara. A shekarar 1991 da ta 2010 cutar ta yi ɓarna a Arewa, a 2021 kuwa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Kano kuma tana cikin inda ta fi tsanani.

Saboda haka ruwan sha a yi masa haka. In yana da laka, a sa alif ko garin ƙwayar zogale ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta. Kada ku raina tacewa, gama tana cikin abin da ya kori kurkunu, har aka tabbatar a 2013 babu shi a ƙasar nan. Bayan haka lalle a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. A rufe randa, a keɓe mata moɗa ɗaya. Masai kuwa ya nisanci rijiya da mita 30.

In ruwanku zartsi ne, ko kun ga haƙoran yaran unguwa suna yin dabbare-dabbaren ƙasa-ƙasa, tafasawa ba ta maganinsa. Ku gaya wa mai unguwa, a kai maganar sashen lafiya na ƙaramar hukuma don a auna ruwan.

Maigida, kuɗin da za ka kashe don neman kumfa, fara sayen murfin rijiya da igiyar guga mai tsabta da shi. Rigakafi ya fi magani.