Kafin Ka Zuba Yashi a Titin Njamena

Ni magini ne, kuma a Njamena na koyi sana'ar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mai gini zai kira tifa ta juye yashi da tsakuwa a ƙofar gida, ya jera bulon ƙasa a gefen hanya, kamar filin gadonsa ne.

Titi da gefensa dukiyar hukuma ce. Dokar Chadi mai lamba 23, ta ranar 22 ga Yuli 1967, ita ta tsara irin wannan dukiya. An raba birnin zuwa gundumomi 10, kowace da ofishin magajin garinta. Can ya kamata ka fara zuwa da takardun filinka da izinin gini. Ka faɗi inda za ka ajiye kaya da tsawon kwanakin aikin. In an ce ka biya kuɗi, ka karɓi rasidi ka ajiye, domin 'yan sandan birni na iya tambaya.

Dalilin a fili yake. Njamena shimfiɗaɗɗen gari ne a bakin kogunan Shari da Logon, ruwa ba ya saurin wucewa. Yashin da aka bari bakin kwata, ruwan Agusta zai kwashe shi ya toshe magudana. Mutanen unguwar Waliya sun ga ɓarnar ambaliya a 2022. Ga kuma 'yan makaranta da masu tallan kaya da ke sauka tsakiyar titi saboda kayan gini sun tare gefen hanya, suna kauce wa masu babur.

Ɗan'uwa, ka nemi izini, ka bar wa jama'a hanya, ka kwashe ragowar kayanka da zarar an gama aiki.