Kakarka Ma Ta Ga Yaƙi

Akwai wata ɗabi'a da ta ishe ni a gidajenmu na Maigatari da Gumel. Da zarar tsohuwa ta soma labarin zamanin yaƙin basasa, sai wani jika ya ce, “Rabu da Iya, me mace ta sani game da yaƙi?” Wai tarihi sai a bakin wanda ya riƙe bindiga.

Haba jama'a! Daga 1967 zuwa 1970, da samarin Arewa suka shiga soja aka kwashe su kudu, wa aka bari da yara da rumbu? Wa ya kwana shekaru bai san ko takaba zai shiga ba ko jira zai ci gaba da yi? Soja ya san ramin da ya kwanta a ciki. Kuɗin mudun gero a lokacin, da yadda aka aurar da 'ya'ya ba uba, sai ka tambayi matarsa.

Wasu sun riga mu farkawa. Kan wannan yaƙin, Flora Nwapa ta fitar da littafin Never Again a 1975, Buchi Emecheta ta biyo da Destination Biafra a 1982. A Indiya, inda aka sace dubban mata lokacin ɓallewar Pakistan a 1947, Urvashi Butalia ta bi waɗanda suka tsira tana sauraronsu, littafinta ya fito a 1998. Ko a ƙasar Hausa, littafin Baba ta Karo na 1954 bakin tsohuwa ɗaya ne, amma har yau jami'o'i na karanta shi. Mu kuwa da layin iyakar da Ingila da Faransa suka shata ya raba dangi, uwa a Dungas, 'ya a Maigatari, mun zauna muna kallo.

To, waya dai tana aljihunka, sai ka naɗi muryar kakarka. Nemi izininta tukuna, ka je da goro, bayan la'asar, lokacin da gida ya lafa. Kada ka tambaye ta shekara, tsofaffi da zamanin sarki ko na fari suke lissafi. Tambaye ta abin da aka dafa, da wanda ya kawo labarin mutuwa. In ta kauce zuwa zancen kishiya, ƙyale ta, can ma akwai tarihi. Abin da kunya za ta hana ta faɗa maka, tura ƙanwarka ta ɗauko. Rubuta sunan garin, ka tura wa ɗan'uwa kwafi saboda waya na ɓata. Kuma don Allah kada a watsa muryarta a TikTok ba da yardarta ba.