Fina-finan Ban Tsoro: Ƙaramin Jari, Babbar Kasuwa

Hausawa kan ce tsoro na daji, kunya ta gida. Amma a harkar shirya fina-finai tsoro ya daɗe da shigowa gari, har ya zama haja da jama'a ke biyan kuɗi don su saya. Ga ɗan kasuwa mai neman inda zai zuba jari, abin lura shi ne ƙanƙantar kuɗin da ake kashewa wajen shirya irin waɗannan fina-finai idan aka kwatanta da abin da wasunsu kan samo.

Alal misali, fim ɗin The Blair Witch Project na ƙasar Amurka, wanda ya fito a 1999, an ɗauke shi da kuɗin da bai wuce dala dubu 60 ba, amma ya tara kusan dala miliyan 250 a gidajen silima na duniya. Haka kuma Paranormal Activity, da aka ɗauka a cikin gida ɗaya da kimanin dala dubu 15, ya samo fiye da dala miliyan 190 bayan an sake shi a 2009. Dalilin wannan araha a bayyane yake. Fim na ban tsoro ba ya bukatar shahararrun 'yan wasa masu tsada, domin duhu da sauti da jiran abin da zai faru su ne jarinsa. Daɗin daɗawa, firgita ba ta bukatar tafinta, saboda haka hajar kan ƙetare iyakoki cikin sauƙi.

Mu a nan Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan ciniki. Tun a 1979 Hubert Ogunde ya fito da fim ɗin Aiye a kan mayu, ya kuma cika ɗakunan kallo a ƙasar Yarbawa. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar Naira ta faɗi, kayan ɗaukar majigi daga ƙasashen waje suka gagari masu sana'ar. Cikin wannan hali ne Kenneth Nnebue, wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki a Ikko, ya zuba kuɗi aka ɗauki Living in Bondage a kan kaset na bidiyo cikin harshen Ibo a 1992. Labarin wani mutum ne da ya sadaukar da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi arziki, daga baya fatalwarta ta hana shi sakat. Cinikin da kaset ɗin ya yi shi ya jawo hankalin 'yan kasuwar Idumota a Ikko da na titin Upper Iweka a Anacha, suka shiga ba da kuɗin shirya fina-finai, kuma daga nan masana'antar da ake kira Nollywood ta kafu. Cigaban labarin da Ramsey Nouah ya ba da umarni a 2019 ya tara fiye da Naira miliyan 150 a gidajen silima na ƙasar nan.

Bukukuwan nuna fina-finai kuwa su ne ranar kasuwar wannan haja. Na garin Sitges a ƙasar Sifen ana yin sa tun 1968, na Fantasia a birnin Montreal na Kanada tun 1996, na FrightFest a Landan tun 2000. Masu kallo kan zo don nishaɗi, su cika masaukai da wuraren cin abinci, alhali kuwa dillalai na zaune a cikinsu suna auna yadda jama'a ke razana kafin su taya. A bikin Sundance na 1999 ne kamfanin Artisan ya sayi The Blair Witch Project a kan kuɗi sama kaɗan da dala miliyan 1. Ɗan Nijeriya C.J. Obasi ma ta wannan hanya ya bi: fim ɗinsa Ojuju ya ci kyautar fim mafi kyau na Nijeriya a bikin AFRIFF na 2014, sa'annan Mami Wata ya sami lambar yabo a Sundance a 2023.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Alƙaluman da aka ambata na waɗanda suka dace ne, ɗimbin fina-finan da ba su mayar da uwar kuɗi ba kuwa ba a jin labarinsu. Har ila yau, kuɗin ƙofa ba duka ne ke shiga aljihun mai fim ba, gama masu gidajen silima da masu rarrabawa kan ɗauki kaso mai tsoka, kuɗin talla kuma sau da yawa ya kan ninka na ɗaukar fim ɗin. Ga kuma masu satar fasaha, waɗanda suka daɗe suna cinye ribar masu jari. Sa'annan akwai doka: Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta sanar a 2024 da ƙa'idojin da suka hana ƙawata tsafin neman kuɗi a cikin fina-finai.

Don haka duk mai niyyar shiga wannan harka ya kamata ya ware kuɗin talla tun daga farko, ya san ƙa'idojin hukumar kafin a fara ɗauka, ya kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da mai rarrabawa tun kafin ya fitar da ko sisin kwabo.