Na'urar Da Ke Riƙe Da Sunaye: Sakacin Da Kan Tsayar Da Aiki A Kamfanonin Abuja

Abuja – A yawancin ofisoshin kamfanonin da ke Wuse da Garki da Maitama akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi wanda ba kasafai manaja kan leƙa ba. A cikinsa ne ake ajiye manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa da ake kira saba, kuma daga cikinsu akwai wadda ba a tunawa da ita sai ranar da ta tsaya, wato sabar DNS. A irin wannan rana ma'aikata kan zauna gaban kwamfutocinsu su kasa shiga, wasiƙu ba su fita, akanta bai iya buɗe littafin ciniki, alhali kuwa akwai wuta kuma an biya kuɗin intanet.

Aikin wannan na'ura ya yi kama da na kundin lambobin tarho da NITEL ke bugawa a da. Mutane da suna suke sanin wuri, na'urori kuwa da lamba suke gane juna. Tsarin DNS, wanda wani injiniya ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ya ƙirƙiro a 1983, shi ke juya suna zuwa lamba duk sa'ad da aka nemi wani shafi ko aka aika da wasiƙa.

A cikin kamfani lamarin ya wuce neman shafukan waje. Tun da Microsoft ya fito da tsarin Active Directory tare da Windows 2000, kamfanoni da yawa suka koma ajiye sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu da izinin kowa a kundi guda. Kafin kwamfutar ma'aikaci ta tantance shi da safe, sai ta tambayi sabar DNS ta cikin gida inda na'urar da ke riƙe da kundin take. In ba ta sami amsa ba, ƙofa a rufe take. Don haka ne babban kuskure ne a saita kwamfutocin ofis su riƙa tambayar sabar waje kai tsaye, kamar ta Google mai lamba 8.8.8.8, domin ita ba ta san sunayen na'urorin cikin kamfani ba.

Manyan kamfanonin duniya ma ba su tsira ba. A watan Janairun 2001 shafukan Microsoft sun ɓace kusan kwana guda, saboda dukkan sabobinsa na DNS suna kan layi ɗaya, sai kuskuren saita na'ura guda ya yanke su baki ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya na kimanin awa shida, bayan wani kuskure wajen gyara ya sa duniya ta daina ganin sabobin DNS na kamfanin. Su kansu injiniyoyin sun sha wahalar gyaran, domin kayan aikinsu na cikin gida sun dogara da tsarin da ya faɗi. A ranar darajar hannun jarin kamfanin ta sauka da kusan kashi biyar cikin ɗari, 'yan kasuwar Nijeriya masu karɓar oda ta WhatsApp kuwa suka yi zaman jira daga yamma har dare.

Ta fuskar tattalin arziki lissafin ba shi da wuya. Kamfani mai ma'aikata 100 da ya tsaya na awa uku ya biya albashin awa 300 ba tare da an yi aikin komai ba, ban da cinikin da ya kuɓuce da kuma zubewar mutunci a idon abokan hulɗa. Kuɗin saba ta biyu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da wannan, sai dai hasarar da aka kauce wa ba ta fitowa a littafin akanta, shi ya sa ake yawan yanke ta daga kasafi.

Kamfanonin Abuja suna da ƙarin matsaloli biyu. Ta farko ita ce wuta: babban layin lantarki na ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024, kuma 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta sun isa su kashe sabar da ba ta da batirin ko-ta-kwana. Ta biyu ita ce hanyar waje: ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka haɗa da MainOne da WACS da ACE da SAT-3 suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka nemi afuwar abokan hulɗarsu. Kamfanin da ya miƙa dukkan tambayoyin sunaye ga sabobin ƙetare shi ya fi jin jiki a irin wannan hali. Cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, wato IXPN, wadda ke da reshe a Abuja, an kafa ta ne domin saƙon gida ya tsaya a gida.

Matakan kariya sanannu ne ga ma'aikatan fannin. A ajiye aƙalla sabobi biyu, ba a ɗaki ɗaya ba, ba kuma a kan layin wuta ɗaya ba. A sa na'urar da za ta riƙa jarraba su dare da rana, ta aika da saƙo in amsa ta yi jinkiri ko ta ɗauke, don kada ma'aikata su riga injiniya sanin an sami matsala. A riƙa share bayanan kwamfutocin da aka daina amfani da su. A taƙaita masu ikon canza bayanai, a kuma rubuta kowane canji da sunan wanda ya yi shi.

Duba rajistar tambayoyi shi ma tsaro ne, domin kwamfutar da ɓarayi suka shiga takan yi ta neman baƙin sunaye, kuma a rajistar ne ake fara ganin sawunsu. A Janairun 2019 sai da hukumar tsaron intanet ta Amurka ta ba ma'aikatun gwamnatin ƙasar umurnin gaggawa su binciki bayanansu na DNS, bayan an gano masu karkatar da su. A Nijeriya, gyaran da aka yi wa Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya wajabta kai rahoton kutse cikin awa 72, kuma kamfanin da ba ya ajiye rajista ba shi da abin da zai kai wa cibiyar ngCERT da ke Abuja.

Saura batun sunan kamfani na waje, wanda haya ce da ake sabuntawa. A Disamban 1999 Microsoft ya manta bai sabunta sunan passport.com ba, aikin Hotmail ya tangarɗe, sai wani mai amfani da shi ya biya dala 35 daga aljihunsa. Sunaye masu ƙarewa da .ng suna hannun ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005, ana kuma biyan kuɗinsu da naira, abin da ya ƙara muhimmanci tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Wajibi ne mai kamfani ya tabbata an yi rajistar sunan da sunan kamfaninsa, ba da na ɗan kwangilar da ya shirya masa shafi ba, ya kuma san ranar ƙarewar wa'adinsa kamar yadda ya san ranar biyan hayar ofis.